Gwaggo Ta Yi Shiru a Greenbelt

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, ni Alhaji Hamidou Direba, mutumin Maraɗi mazaunin Greenbelt, a madadin kaina da iyalina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Maryland da Virginia da cikin Washington rasuwar Gwaggo, wadda ta yi shiru ranar Talatar da ta gabata bayan sallar Azahar, a falonmu, bayan gajeriyar jinya.

Kafin wani ya ɗauki waya ya kira gida ya tayar wa mutane da hankali, Gwaggo ba mutum ba ce. Abin kiɗa ce irin ta Turawan da, wadda mutanen nan ke kira hafsikod, Faransawa kuma su ce kilabsan. Duk wanda ya taɓa shigowa gidana ya gan ta: dogon akwatin katako mai siffar fiffike, tsaye a jikin bango, daidai inda sauranku kuka kafa talabijin. Da yawanku kun ce mata fiyano. Na gyara muku, kuka sake. Yau ranar makoki ce, na yafe, amma ba fiyano ba ce. Fiyano dukan waya take yi da guduma. Ita Gwaggo ɗan fizgar wayar take da tsinken gashin tsuntsu, yadda mai molo ke yi da farce.

Ina da karin magana da suka dace da irin wannan rana, cike da bakina. Matata Hajiya Rakia ta rantse idan na sa ko guda ɗaya ba za ta tura sanarwar nan a guruf ɗin mata ba, wai jama'a sun ƙoshi da su. Don haka zan yi magana a fili, abin da ban saba ba.

Marigayiyar ba haifaffiyar gidana ba ce. Na san ta ne a wajen aiki, lokacin ina jan farar motata ta ɗaukar kaya. Wata Baturiya mai suna Pauline, ƙanƙanuwar mace mai kaifin ido, ita ce mai ita, kuma ta ɗauke ni in riƙa kai ta wuraren wasa: coci-coci, ɗakunan karatu, falon masu hali. A cire mata ƙafafu, a naɗe ta cikin barguna, a hau bene da ita a kaikaice, Pauline na biye tana ta kashedi kamar an ɗauko mai naƙuda. Da farko in na sauke ta sai in koma mota in jira, domin ni ba mutumin kiɗa ba ne, mahaifina ma ko tafi bai yarda a yi a ƙofar gidansa ba. Sanyi ne ya kore ni ciki wata rana. Na zauna a kujerar ƙarshe da hulata, na ce in ɗumama jiki in fita. Ban fita ba.

Abin da na ji shi ne kiɗan da suke kira barok, na kakannin kakanninsu, da kayan kiɗa irin na wancan zamani, ba wutar lantarki, ba lasifika. Mutum uku ko huɗu ne kawai, a zaune kusa da juna har gwiwa na taɓa gwiwa. Wannan ya faɗi magana da sarewa, wancan ya amsa masa da goge, sai su maimaita daga farko, amma a karo na biyu kowa ya ƙara ɗan ado a kan tasa. Na ce a raina, ai wannan gaisuwa ce. Haka ake gaisawa a garinmu: a tambayi gida, a tambayi gajiya, a sake tambayar gida, ba don an manta amsar ba. Ashe Turawa ma sun taɓa sanin wannan kafin gaggawa ta same su.

Da yatsun Pauline suka lanƙwashe da ciwo, ɗanta ya zo ya tafi da ita can jiharsu mai nisa, sai ta ce babu wanda ya san nauyin wannan akwati kamar bayana, don haka ni zan riƙe ta. Na kawo ta gida. Rakia ta zagaya ta, ta ji sharuɗɗan zama da ita, ta ce wannan ai gwaggo ce aka kawo mana, mai zuwa kwana biyu ta kafa doka. Sunan ya zauna.

Ni ban iya kaɗa ta ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba. Mai kaɗa ta 'yata ce Nafissa. Tun tana ƙarama, in an tashi daga lakwal, wato makaranta, ba wanda zan bar wa ita, sai ta bi ni a mota, Pauline kuma ta zaunar da ita a gefenta. Haka ta koya. Yanzu Nafissa babbar mace ce, tana aikin haɗa magani, tana Bowie da mijinta Zulkifilu. Tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata magana da Turanci take amsawa, ni kuma Turancina na hanya ne da lodin kaya. Hirarmu ba ta nisa. Ina kwana, yaya aiki, sai mu kalli juna. Amma tunda Gwaggo ba ta son yawo, dole masu kiɗan su zo inda take. Kowace Asabar bayan La'asar sai ga Nafissa, sai ga Kenneth da ƙaton gogensa da ake maƙalewa tsakanin gwiwoyi, sai ga Choji, mutumin Jos mai koyarwa a College Park, da sarewarsa ta katako. Su yi kiɗa har Magariba, in yi salla, a ci tuwo. Abin da ke kawo 'yata gidana duk mako ke nan. Na faɗa ne don ku san girman rashin, kada wani ya ce tsoho na makokin katako.

Game da halayen marigayiya, ina ba da shaida a kan abin da na gani da idona.

Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ka danna ta da fushi, ka danna ta da lallashi, murya ɗaya za ta ba ka: tsirin, tsirin, tsiririn. Wata rana Zulkifilu, wanda injiniya ne kuma yana son a sani, ya buga mata yatsa da ƙarfi don ya ji iyakarta. Ta amsa masa daidai yadda take amsa wa kowa. Na daɗe ina yi wa wasu mutanen guruf ɗin nan fatan wannan hali.

Tana da kunya. Kayan kiɗan yanzu an ɗaure su sama, suna ihu. Ita da 'yan uwanta ana sassauta musu kaɗan, muryarsu na ƙasa da ta zamani, irin ta mai magana a gaban manya. Madannanta ma a juye suke, manyan baƙaƙe, ƙananan farare. Ban ce komai a kan wannan ba, na dai lura.

Ba ta son a gan ta. In an fara, sarewar Choji ce ke yawo a sama tana kwarkwasa, gogen Kenneth na gunji a ƙasa, kowa na sauraronsu. Gwaggo tana tsakiya tana riƙe kowa, tana cike gurbi, tana nuna inda za a taka. Baƙo ba ya ma lura da ita. Amma ranar da Nafissa ta makara suka gwada farawa su biyu, sai ka ce miya ba gishiri, su da kansu suka tsaya.

Ta koya wa gidana haƙuri. Ba a taɓa zama a kaɗa ta haka nan. Sai Nafissa ta ɗauki ɗan makullin ƙarfe ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ting, ting, tiiing, tana murɗawa tana kasa kunne. Shi ma Kenneth yana can yana fama da nasa, domin tsirkiyoyin gogensa na hanjin tumaki ne, ba roba ba, kuma hanji ko ya bushe bai daina jin yanayi ba. Wannan kaɗai ya sa na girmama mutanen nan: sun san tunkiya ba a zubar da komai nata. Sau da yawa gyaran ya fi kiɗan tsawo. Abokina Alhaji Ousmane ya taɓa zuwa, ya zauna ya saurari gyaran daga farko har ƙarshe, ya tashi ya ce kai, kiɗa ya yi daɗi, ya tafi. Ban gyara masa ba har yau.

Akwai kuma wani ɗan sauti nata da ba na jin zan sake ji. In kiɗa ya ƙare, Nafissa ta ɗaga yatsunta, tsinkayen nan na komawa mazauninsu da wani ɗan kyas, a hankali, kamar an sa sakata a ɗakin da jariri ke barci. Bayansa sai shiru. Kenneth na riƙe da izgarsa a sama, Choji bai sauke sarewa daga baki ba, ba mai motsi. A cikin wannan shirun Nafissa kan juyo ta dube ni, ni kuma in gyaɗa kai. Ba Hausa, ba Turanci, kuma mun fahimci juna.

Tunda ba a yabon mamaci da ƙarya, zan faɗi aibinta. Gwaggo tana da tsirfa. Ba ta son rana ta taga, ba ta son iskar ƙofa, ba ta son a ɗora mata kofin shayi, wanda ya yi ya san kansa. Abin da ta fi ƙi shi ne busasshiyar iska. Katakon cikinta siriri ne kamar faifai, in ɗaki ya bushe sai ya tsuke. Shi ya sa Pauline ta haɗo ni da wata tukunyar lantarki mai fitar da tururi, ta ce duk lokacin sanyi in an kunna hita a kunna ta. Ni da na baro Maraɗi, ga ni a Amurka ina shayar da iska ruwa saboda akwati. Na yi, ban fasa ba, shekara da shekaru.

Ga yadda jinyar ta kasance.

A watan Janairu surukata, mahaifiyar Rakia, wadda bakina ba zai ambaci sunanta ba, ta iso daga gida don a duba mata ido. Tsohuwa ce ƙwarai, ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kuma ta sauka a makon da ta zuba. Gidanmu ba fili, benen ɗakin baƙi ya fi ƙarfin gwiwarta, sai aka yi mata shimfiɗa a falo, kusa da Gwaggo. Aka murɗa hita har ƙarshe. Ta ce da sauran sanyi. Aka sayo ƙaramar hita ta ƙasa. Ta duba falon duka, ta ga ba inda zafi ke taruwa kamar ƙarƙashin Gwaggo, sai ta sa aka tura hitar can, ta miƙe ƙafafunta a ciki. Tukunyar tururi kuwa tun daren farko ta ce a kashe, wai wane irin gida ne ake dafa ruwa ba a zuba komai, kuma raɓar na saukar mata da mura. In ta wanke mayafinta, a kan murfin Gwaggo take shanyawa, ta ce ba ta taɓa ganin tebur mai busar da kaya da sauri haka ba.

Duk wannan a gabana aka yi. Ku da kuka san ni, kun san ba na ganin abu in yi shiru. Na tsayar da taron ƙungiya saboda an fara ba addu'a. Na mayar da saurayi gida ya sake wando. Amma wannan suruka ce. Ni da ita ba ma haɗa ido. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta kaina a ƙasa, ta amsa tana kallon bango, in tashi in ba ta wuri. Ta wace ƙofa zan shiga in ce, Inna, a janye ƙafa, akwatina na jin ƙishi? Na bi ta wajen Rakia a kicin, cikin raɗa. Rakia ta ce uwarta ce, ta shayar da ita, ba za ta ce mata ta ji sanyi don katako ya ji daɗi ba, in ina da baki ga falo can. Nafissa ta zo ta ga hitar, ta zaro ido, ta buɗe baki za ta yi magana irin ta yaran nan. Na dube ta sau ɗaya. Ta rufe bakin, ta durƙusa ta gaida kakarta. A ranar na san tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa ba, a ranar kuma na san Gwaggo ta tafi.

Ciwon ya fara da murya. Asabar ta farko aka gyara ta, kafin a kai tsakiyar kiɗa ta zame. Asabar ta biyu wasu madannai suka ƙi dawowa in an danna. Duk da haka ta yi ƙoƙari, ta yi kiɗanta na ƙarshe a gaban wadda ke jinyatar da ita, kuma surukata ta saurara har ƙarshe, ta ce wa Rakia teburin nan ya iya molo, ya tuna mata da wani makaɗi da ke zuwa ƙofar gidansu tana yarinya. Har ta share ido, ko da yake idon dama yana ruwa.

Ranar Talata na idar da Azahar ina kan darduma, sai na ji ƙas! kamar an karya rake. Sai wata waya ta biyo baya, tiwww, ta daɗe tana kuka kafin ta mutu. Surukata ta ce a duba, wani abu ya faɗi a kicin.

Kenneth ya kawo wani mai gyaran irinsu daga Virginia. Ya leƙa cikinta da tocila, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya ce katakon ciki ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, wanda ke riƙe wayoyin kuma ya rabu da jiki, ko an ɗaure ba zai riƙe ba. Ya tambaya wa ya sa hita a ƙarƙashinta. Na ce masa ajali ne. Ya sake tambaya, a zatonsa ban ji Turancin ba. Na sake ce masa ajali ne. Kuma ina so a sani, da za a maimaita, haka zan sake yi. Ba a bar tsohuwa cikin sanyi a gidana ba, ba kuwa za a fara ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, mai ɗaukarta. Ta bar Nafissa, wadda ta tashi a gabanta. Ta bar ƙaton gogen Kenneth da sarewar Choji, marayu, ba mai riƙe musu tsakiya. Ta bar Pauline, wadda na kira na shaida mata, sai ta tambayi lafiyar idon tsohuwa, abin da ya nuna zama da mu bai tashi a banza ba. Ta bar Hajiya Rakia, wadda ta shekara tana cewa akwatin ya cinye mata falo, amma na same ta jiya tana goge shi da gefen zaninta. Ta bar tukunyar tururi, wadda yanzu ba ta da aikin yi. Ta bar kujerarta, da makullin gyara, da bargunan da muka yi yawo da su.

Akwai wani da ke kiran kansa ɗan uwanta, dole in ambace shi. Wani kibod ne na roba da Zulkifilu ya saya wa Nafissa, mai maɓalli da in an danna sai ya kwaikwayi muryar Gwaggo. A danna wani ya zama ganga, a danna wani ya zama jirgin ƙasa. Sun taɓa kawo shi gidana, na tsayar da shi a bakin ƙofa na ce maƙaryaci ba ya shiga inda mai gaskiya take. Ya koma but ɗin mota. Shekaranjiya kuma na ji Nafissa a waya da Kenneth, tana cewa tunda Gwaggo ta tafi, kuma Baba ba ya son kibod, sai dai su mayar da zaman Asabar gidan Kenneth ɗin. Da Turanci ta faɗa, da sauri, a zatonta ya wuce ni. Bai wuce ni ba.

Jana'iza za ta kasance kamar haka.

Ba za a yi mata salla ba, katako ce, na sani, kada wani malami ya wahalar da kansa ya kira ni. An riga an goge ta da busasshen ƙyalle. Ba za a kai ta bola ba, duk mai wannan shawara ya riƙe abarsa. Kenneth ya roƙi wayoyinta da tsinkayenta don a taimaki wasu irinta masu jinya, na amince. Gangar jikin za ta ci gaba da zama inda take, domin surukata na amfani da ita, kuma hitar tana nan a ƙarƙashi. Masu zuwa ta'aziyya su kiyaye: tsohuwa ba ta san abin da ya faru ba. Ta tambaya me ya sa tebur ya daina molo, an ce mata yana hutawa. Duk wanda ya gaya mata, ni da shi ne, kuma shi ba surukina ba ne, zan iya kallon idonsa.

Za a yi zaman makoki a gidana ranar Asabar bayan La'asar. Sadakar uku ta faɗo ranar Juma'a, an ɗaga ta zuwa Asabar. Ta bakwai ma Asabar. Ta arba'in, na duba kalanda, ba ta faɗo Asabar ba, amma za ta faɗo. Asabar ɗin da ke tsakani duk na karɓar gaisuwa ne, domin marigayiyar mai jama'a ce. Bayan arba'in iyali za su zauna su duba ko makokin ya isa, kuma ni ne iyalin.

Ina roƙon Kenneth ya zo da gogensa. Choji ma ina roƙon ya zo da sarewarsa. Akwai tuwo.

Kuma tunda gidan makoki ba a korar kowa, ko maƙiyin mamaci, na yarje wa kibod ɗin nan ya shigo. Zai zauna kusa da ƙofa, wajen takalma. Ba ganga, ba jirgin ƙasa, maɓalli ɗaya tak. A rage masa murya, a sassauta shi ƙasa yadda marigayiya take, na ji Zulkifilu na fariya cewa kibod ɗin na iya wannan ma. In ya nuna ladabi, za a duba matsar da shi ciki.

Nafissa, na san kina karanta Hausa in kin ga dama. Ki zo da maƙaryacin naki. Soket ɗin bakin ƙofa ya lalace, amma kada wannan ya dame ki, na riga na sayo doguwar waya.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya ba surukata lafiyar ido, Ya kawo mu bazara.

Sanarwa daga Alhaji Hamidou Direba, Greenbelt, a madadin iyalan marigayiya.